Ra'ayinmu: Kafin a gina wa baƙi abin kallo a Batsari da Safana

A kudu maso yammacin ƙasar Jamus akwai wani yanki mai tsaunuka da dogayen itatuwa da ake kira Baƙin Daji. A cikinsa akwai wasu ƙananan garuruwa biyu maƙwabtan juna, Triberg da Schonach, waɗanda idan aka haɗa mutanensu duka ba su wuce na wata babbar gunduma a Jihar Katsina ba. Amma kowace shekara motocin baƙi daga Amurka da Japan da Sin da Indiya da sauran ƙasashen Turai suna tsayawa a can, mutane su sauko da wayoyinsu a hannu, su tsaya suna jiran wani tsuntsun katako ya leƙo ta taga ya yi kuka.

Abin da suke zuwa kallo shi ne agogon tsuntsu, wanda Turawa ke kira agogon kuku saboda sautin kukan tsuntsun da yake kwaikwayo, wani ɗan'uwan ragon-maza da muka sani a dazukanmu. Asalinsa ɗan ƙaramin agogon bango ne mai siffar gida. Idan awa ta cika sai wata 'yar ƙofa ta buɗe, tsuntsu ya fito ya yi kuka daidai adadin awannin, sannan ya koma. Babu batir babu lantarki. Wasu ƙarafa masu nauyi da ke rataye a sarƙa ne ke jan injin, kukan kuwa yana fitowa ne daga wasu 'yan zugazugai biyu masu hura iska cikin sarewar katako, kamar dai yadda zugazugin maƙeri ke hura wuta.

To irin wannan agogo ne mutanen garuruwan biyu suka gina ƙato, har mutum yana shiga cikinsa ya zaga. Na Schonach wani magyarin agogo mai suna Josef Dold ne ya ƙera shi a wajajen shekarar 1980, ya ninka na bango sau 50. Na kusa da Triberg kuwa, wanda iyalin Eble suka shafe shekara biyar suna yi, ya ninka na bango sau 60. Tsuntsunsa kaɗai tsawonsa mita 4.5 ne, nauyinsa kilo 150, ƙarfen da ke lilo a ƙarƙashin injin kuma ya kai mita 8. Kundin bajinta na Guinness ya sanya shi a matsayin mafi girma a duniya.

Mai karatu zai iya tambaya: me ya haɗa wannan da Batsari da Safana, inda har yanzu akwai matan da ke zaman takaba da yaran da suka tashi a gidajen 'yan'uwa saboda an ƙone ƙauyukansu? Abin da ya haɗa su daji ne. Can daji ne da talauci ya taɓa yi wa katutu, yau ya zama abin da ke ciyar da mutanensa. Nan kuwa Dajin Rugu ne, wanda ya taɓa ciyar da manoma da makiyaya da mafarauta da masu zuma, yau ambaton sunansa ma yana sa gaba faɗuwa. Yanzu da aka fara samun ɗan sauƙi a wasu sassan yankin, lokaci ya yi da za a yi tunanin abin da za a yi da wannan daji da garuruwan da ke bakinsa. Tsoronmu shi ne kada a ɗauki darasin Jamus ta wutsiya.

Yadda Baƙin Daji ya kai ga haka

Ƙaton agogon shi ne abu na ƙarshe da aka gina a wannan labari, bayan an shafe kusan shekara 300 ana aza harsashi.

Mutanen Baƙin Daji manoma ne da makiyaya a ƙasa mai sanyi da duwatsu, wadda ba ta da albarkar noma sosai. Idan hunturu ya shigo ƙanƙara ta rufe gonaki, sai su shafe watanni a ɗaka babu aikin yi, kamar yadda manominmu yake zama da rani bayan an kai amfanin gona gida. Tun a ƙarshen ƙarni na 17 wasunsu suka fara amfani da wannan lokaci suna sassaƙa agogon katako da icen da ke kewaye da su. A tsakiyar ƙarni na 18 agogon tsuntsu ya bayyana a cikinsu. Sana'ar ta rarrabu gida-gida: wannan ya sassaƙa akwati, wancan ya yi fenti, wani ya yi sarƙa, wani ya haɗa inji. Sai 'yan koli su goya agogunan a baya su ratsa ƙasashen Turai a ƙafa suna talla, kamar yadda fatakenmu suka riƙa kai tufafi da fatu har Gwanja su dawo da goro.

Da sana'ar ta fara ja da baya saboda gogayya da kayan masana'antu masu araha, gwamnatin yankin Baden ta wancan lokaci ta buɗe makarantar koyon ƙera agogo a garin Furtwangen a shekarar 1850. Shugabanta na farko, Robert Gerwig, ya nemi masu zane su kawo sabon fasalin akwatin agogo da zai ja hankalin masu saye. Wani mai zanen gine-gine, Friedrich Eisenlohr, ya kawo siffar ɗan gidan mai gadin layin dogo, kuma daga wannan siffa ce agogon tsuntsu da duniya ta sani a yau ya samo kamanninsa. Shi dai wannan Gerwig shi ne daga baya ya tsara layin dogon da ya ratsa tsaunukan yankin ya bi ta Triberg, aka kammala shi a 1873. Kafin duk wannan, a 1833, gwamnatin Baden ta riga ta yi dokar kare daji, domin saran itace da kiwo barkatai sun kusa cinye shi.

A lura da jerin: sana'a a hannun talakawa, dokar kare daji, makaranta, hanya. Sai da waɗannan suka kafu har tsawon zuriya da zuriya, sannan aka zo ga ƙaton agogo. Ko shi ɗin ma gwamnati ba ta ba da kwangilarsa ba. Iyalai masu sana'ar ne suka gina shi da kuɗinsu da hannunsu, a daidai lokacin da agogon batir mai araha daga Asiya ya karya masana'antun yankin da yawa, domin su jawo baƙo ya tsaya, ya kalla, ya shiga kanti ya sayi ƙarami ya tafi da shi gida. Ƙaton agogon talla ne. A bayansa akwai masassaƙa da masu fenti da masu masauki da masu abinci da direbobi, kuma akwai ƙungiyar masu sana'ar da ke ba da takardar shaida cewa agogo na yankin ne na asali. Har hanyar mota mai tsawon kilomita kusan 320 aka tsara, wadda ta haɗa garuruwan agogo da gidajen tarihinsu, domin baƙo ya kwana biyu ko uku yana kashe kuɗi a yankin.

Sauran wuraren da suka kwaikwayi abin ma labarinsu yana koyar da darasi ɗaya. A garin Villa Carlos Paz na ƙasar Ajantina, wasu Jamusawa 'yan ci-rani sun gina nasu a 1958, ya kuma zama alamar garin. Amma garin yana bakin wani babban tafki da mutane suka saba zuwa hutu, agogon ƙari ne a kan abin da ya kawo su. A jihar Ohio ta Amurka an gina wani a 1972 domin jawo masu cin abinci zuwa wani gidan abinci. Da gidan abincin ya rufe sai agogon ya yi shiru ya fara lalacewa, har sai da aka ɗauke shi aka gyara aka kafa a garin Sugarcreek a 2012, garin da dama yake da baƙinsa saboda cukunsa da al'adun mutanensa. Alhazanmu ma sun san hasumiyar agogon Makka mai tsawon mita 601, wadda faɗin fuskar agogonta ya kai mita 43. Kowa yana ɗaukar hotonta, amma babu wanda ya taɓa sayar da gonarsa ya biya kujera domin ya je ya ga agogo.

Halinmu na fara gini daga sama

A ƙasar nan mun saba da akasin haka. Da zarar an ambaci yawon buɗe ido, abin da ke fara zuwa zukatan masu mulki shi ne siminti da ƙarfe: ƙofar shiga gari, shataletale mai gunki, ɗakin taro, wurin shaƙatawa mai katanga. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gini yana da kwangila, yana da ranar yanka zare, yana da allo mai ɗauke da sunan wanda ya buɗe shi. Koya wa yara ɗari sana'a kuwa ko biyan masu gadin daji albashi a kan kari ba ya fitowa a talabijin.

Mun ga sakamakon. An buɗe Tinapa a Kalaba a 2007 da alƙawarin cewa za ta zama Dubai ta Afirka, ba a jima ba shagunanta suka zama kufai. A 2017 an kafa mutum-mutumin Jacob Zuma na Afirka ta Kudu a Owerri, abin da ya jawo wa gwamnatin Imo ta lokacin surutu fiye da baƙi. A ɗaya ɓangaren kuma, abubuwan da suka fi jawo mana baƙi a Arewa babu wanda aka ƙirƙira a ofis. Bikin kamun kifi na Argungu ya fito ne daga rayuwar Kabawa da kogin Matan Fada. Hawan Sallah na Kano, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a watan Disamban 2024, ya tsaya ne a kan masu kiwon dawaki da dukawa da maƙera da maɗinka da makaɗa da suka gaji aikin kaka da kakanni.

Su ma waɗannan ba su tsira daga matsalar tsaro ba. Bikin Argungu ya shafe kimanin shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020. Agadas ta Jamhuriyar Nijar, wadda jiragen Turawa masu yawon Sahara suka riƙa sauka a cikinta, ta ga yadda tawaye da satar baƙi suka kashe kasuwar maƙeran azurfa da masu rakiyar baƙi, duk da cewa tsohon garin ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013. Idan wuraren da suka riga suka yi suna haka ta same su, ina ga wanda zai fara daga farko? Baƙo da kuɗinsa ya fi kowa tsoro. Jita-jita ɗaya ta isa ta sa ya sauya hanya.

Abin da Batsari da Safana suka gani

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a tuna musu, amma masu tsara manufofi a Katsina da Abuja suna buƙata. A watan Mayun 2019 an kashe manoma a ƙauyen 'Yargamji da ke Batsari, har 'yan'uwansu suka ɗauko gawarwakin suka kawo birnin Katsina domin shugabanni su gani da idonsu. A watan Fabrairun 2020 an kai hari ƙauyukan Tsauwa da Dankar, aka kashe mutum 30, akasarinsu tsofaffi da yara da suka kasa gudu. A watan Disamba na wannan shekara aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka shiga daji da su, sai bayan kusan mako guda aka sako 344.

A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin yankin, ta hana motocin ɗaukar itace shiga daji, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Batsari da Safana. An yi haka ne domin a matse 'yan bindiga, amma talakan da ke sayar da akuya ya sayi hatsi shi ma ya ji a jikinsa. A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, wadda ta ɗauki matasa daga garuruwan da abin ya shafa. A 2025 kuma an yi zaman sulhu tsakanin al'ummomi da masu ɗauke da makamai a Batsari da Jibiya da Ɗanmusa da Safana da wasu ƙananan hukumomi.

Wannan jarida ba ta raina duk wani abu da zai sa manomi ya je gonarsa ya dawo lafiya. Amma ba mu manta cewa an yi sulhu a 2019 ya kuma wargaje ba, har gwamnan da ya jagorance shi ya fito ya ce an ci amanarsa. Sulhun da bindigogi ke nan a hannun waɗanda suka zo zaman, wanda kuma ba a share wa waɗanda aka kashe wa iyaye da 'ya'ya hawaye ba, numfashi ne kawai aka samu. Abin da aka yi da wannan numfashi shi zai nuna ko zai ɗore.

Abin da yankin yake da shi

Batsari da Safana ba su rasa abin nuna wa duniya ba. Akwai tsohon garin Ruma, wanda sarautar hakimin Batsari, Sarkin Ruman Katsina, ta samo sunanta daga gare shi. Gari ne na bakin iyaka da ya sha gwagwarmaya a ƙarni na 19, lokacin da yaƙe-yaƙe suka yi ƙamari tsakanin Katsina da Maraɗi, kuma tarihinsa ba ya cika sai an ambaci jarumi Ɗanwaire. Akwai Safana, mazaunin Yariman Katsina, da garuruwanta irin su Runka da Zakka da Babban Duhu. Akwai duwatsu da ƙoramu da manyan itatuwan kuka da tsamiya da ɗorawa. Akwai rogon Batsari da duk Bakatsine ya san shi. Akwai nono da man shanu da zuma. Akwai maƙera da masassaƙa da majema da mata masu saƙar faifai da tabarma da masu gyaran ƙwarya, ga al'adun Fulani da na Hausawa da suka shafe ɗaruruwan shekaru suna cuɗanya a kasuwa ɗaya.

Sannan akwai dajin kansa. Gandun Ruma da Kukar Jangarai, wanda aka fi sani da Runka, yana cikin wuraren farko da gwamnatin Jihar Arewa ta ware domin kiwo a shekarun 1960, lokacin da aka yi dokar makiyaya ta 1965. An haƙa madatsun ruwa, an kawo masu duba lafiyar dabbobi, da nufin makiyayi ya zauna wuri ɗaya ya samu ruwa da ciyawa. Da gwamnatoci suka sauya sai aka yi watsi da shirin. Madatsun suka cike da yashi, aka yi ta yanka burtali da makiyaya ana rabawa gonaki, masu gawayi da masu katako suka shiga da gatari, ma'aikatan gandun daji suka ragu suka tsufa ba a maye gurbinsu ba. Yaran da aka haifa a cikin dajin suka tashi babu makaranta babu asibiti, babu wata alamar hukuma sai ranar karɓar haraji ko ranar tara. Wurin da gwamnati ta bari, wasu suka shige. Wannan ba uzuri ba ne ga wanda ya ɗauki bindiga ya kashe bayin Allah, amma duk wanda ke son maganin ciwo dole ya san inda ya faro.

Ke nan abin da Baden ta yi wa dajinta a 1833 mu ma mun taɓa fara irinsa. Bambancin shi ne su sun riƙe, mu mun saki.

Abin da muke ba da shawara

Na farko, a mayar da hukuma cikin daji, ta zauna. Gwamnatin Tarayya ta amince da ɗaukar masu gadin daji a 2025. Muna kira da a ɗauki na Rugu daga cikin 'ya'yan yankin, Hausawa da Fulani, waɗanda suka san kowace ƙorama da kowane dutse, a horar da su, a sa su ƙarƙashin doka, a biya su a kan kari. Mai gadin da ya yi wata uku babu albashi, mai gawayi zai saye shi da kuɗin buhu goma.

Na biyu, a farfaɗo da makiyayar Runka. A yashe madatsun ruwa, a fitar da iyakar burtali a gaban hakimai da ardo-ardo da shugabannin manoma, a buɗe makarantun 'ya'yan makiyaya da ɗakunan shan magani na mutane da na dabbobi. A haɗa wannan da dashen itatuwa, tunda Katsina tana cikin jihohi 11 da shirin nan na katangar itatuwa domin tare hamada ya shafa. Dajin da babu itace ba zai riƙe makiyayi ba, balle ya jawo baƙo.

Na uku, a fara da waɗanda aka zalunta. Kafin a kashe ko sisi a kan abin ado, a sake gina makarantu da asibitocin da aka ƙone ko aka ƙaurace musu, a taimaka wa 'yan gudun hijira su koma gonakinsu da iri da taki, a ɗauki nauyin karatun marayu. Duk abin kallon da aka gina a gaban mutanen da ba su da rufin ɗaki, cin fuska ne.

Na huɗu, a yi wa sana'a abin da Furtwangen ta yi wa agogo. Jihar tana da ƙauyen koyar da matasa sana'o'i a Katsina, tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, ga Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-ma a maƙwabtan Safana. A buɗe rassan koyar da sana'a a Batsari da Safana, a ɗauki tsofaffin maƙera da dukawa da masaƙa a matsayin malamai, a haɗa su da matasa masu ilimin zane da na kasuwancin intanet, domin kayan su dace da abin da mai saye na yau yake so. A samar da injinan sarrafa rogo zuwa gari da sitaci, da wuraren tara madara masu sanyaya ta da hasken rana. Saurayin da ke samun abin kansa da rani, wuya ne a ja shi daji da alƙawarin babur.

Na biyar, a rubuta tarihi tun masu shi suna raye. Dattawan da suka ji labarin Ruma daga bakin kakanninsu suna ƙarewa, wasu kuma gudun hijira ya watsa su. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa za su iya tura ɗalibai da na'urar ɗaukar murya su tattara wannan da kuɗi kaɗan. A haɗa har da labarin shekarun nan na baƙin ciki, da sunayen ƙauyukan da aka tasa, domin na baya su san abin da sakaci ya haifar.

Na shida, a kula da abin da ke hannu. Jihar Katsina tana da Hasumiyar Gobarau, wadda masana tarihi ke danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, fiye da shekara 500 da suka wuce. Tana da rijiyar Kusugu a Daura. Tana da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wanda yanzu gidan tarihi ne. Tana da kushewun Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, waɗanda kayan da aka haƙo daga cikinsu a 1992 sai da aka kai su Jamus ɗin nan aka gyara su. Wanda bai iya samar wa waɗannan wurare mai rakiya da ya san tarihi, da banɗaki mai tsabta, da allon bayani da Hausa da Turanci ba, bai kamata ya yi maganar gina sabon abu ba. Idan aka gyara su aka haɗa su a hanya ɗaya, kamar yadda Jamusawa suka haɗa garuruwan agogo, to ranar da tsaro ya tabbata sai a ƙara Ruma da Runka a jerin.

Su wane ne baƙin farko?

Kada mu yaudari kanmu cewa Bature zai sauko daga jirgi ya nufi Wagini bana ko baɗi. Baƙin farko da yankin ke buƙata 'yan gida ne. Ɗan Batsari da ke aiki a Legas ko Abuja, wanda ya shafe shekaru bai kawo 'ya'yansa gida Sallah ba saboda tsoron hanya. Ɗan kasuwar Kano da na Maraɗi da ya daina zuwa sayen rogo da dabbobi. Malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da aka tura ƙauye suka ƙi zuwa. Ɗaliban sakandare na Katsina da Dutsin-ma da ya kamata a riƙa kai su su ga inda tarihin da suke karantawa ya faru. Ranar da waɗannan suka fara zuwa su kwana ba tare da fargaba ba, mai shayi da mai masauki da mai ƙosai da ɗan acaɓa za su fara ganin canji a aljihunsu. Yawon buɗe ido ke nan a matakinsa na farko, kuma shi ne mafi ɗorewa.

Akwai ma'auni mai sauƙi da muke ba gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomin biyu da 'yan majalisar yankin. Duk aikin da aka kawo musu da sunan jawo baƙi, su yi tambaya uku. Mutum nawa 'yan yankin zai ba aikin yi bayan an gama bikin buɗewa? Wa zai kula da shi, da wane kuɗi, bayan shekara biyar? Kuma da a ce babu baƙo ko ɗaya da ya zo, mutanen garin za su amfana da shi? Madatsar ruwa da makarantar sana'a da hanyar kai kaya kasuwa sun ci wannan jarrabawa. Shataletale mai ƙaton mutum-mutumi ya faɗi.

Ba mu ƙi abin ado ba, kuma ba mu ce talaka bai cancanci abin alfahari a garinsu ba. Wata rana muna fatan ganin maƙeran Ruma ko masassaƙan Runka sun haɗa kai sun ƙera wani abu babba da hannunsu, da kuɗin da sana'arsu ta ba su, har mutane su riƙa tsayar da mota suna ɗaukar hoto. Idan hakan ta faru, zai zama shaida ce cewa an yi sauran aikin. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Aikin da ke gaban Katsina yanzu shi ne manomin Tsauwa ya yi shuka ya girbe da hannunsa, makiyayin Runka ya shayar da shanunsa ba tare da rikici ba, yaran duka biyun kuma su zauna a aji ɗaya. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya mai ɗorewa, Ya jiƙan waɗanda muka rasa.